Ƙahon da Orval Bai Gama Rinawa Ba

Sufeto Lyle Brekke bai ko rataye rigar sanyinsa ba wayar ofis ta ɗauki ƙara. Inna Verna ce, mai gidan abincin da ke tsakiyar garin Ansel.

"Lyle, maza ka zo gidan Orval Tidball. Na kai masa burodi na tarar da shi kwance a ƙasa. Jikinsa ya yi sanyi, ɗan nan. Orval ya tafi."

Duk wanda ya taɓa saɓa bindiga a wannan yanki na Montana ya san Orval. Sana'arsa gyaran ƙahon elk, bijimin barewar dutsen nan mai ƙaho reshe-reshe. Mutanenmu ba su da aiki sai su kafa ƙaho a bangon rumbu ko a kan ƙofar gona, su manta da shi rana ta yi ta dukansa, har ya koma fari fat kamar alli. Sai ranar da tsohon da ya harbo shi ya mutu, 'ya'ya su tuna ai abin gado ne, su sauko da shi a guje su kai wa Orval ya maido masa da launinsa. Shi kuma sai ya yi musu faɗa son ransa tukuna, sannan ya karɓa.

Shagon yana bayan gidan. Sufeto ya tarar Kofur Dunphy ya riga shi isowa, yana tsaye a bakin ƙofa yana hura hanci. Dunphy mutum ne mai son a gama aiki tun kafin a fara shi.

Orval na kwance rigingine, ƙeyarsa a jikin ƙafar murhun ƙarfe. Jinin ba shi da yawa, kuma ya daskare. Likita ya duba ya ce tun jiya da yamma abin ya faru, kuma ba santsi ne ya ɗebe shi ba, domin gaban rigarsa ya yage, maɓallai sun tsinke. Wani ne ya cakume shi ya ture.

"Yallaɓai, ai magana ta ƙare," in ji Dunphy, ya ɗaga wata jar hula da ya sa a leda. "Hular ɗansa Dewey ce, a ƙarƙashin benci na tsince ta. Inna Verna kuma ta ji su jiya suna ɗaga murya. Na riga na tura an kama shi."

Sufeto ya juya wajen tsohuwar, wadda ke zaune a kan kututture a waje, burodin har yanzu yana kan cinyarta. Gidanta ne ke jikin na Orval.

"Inna, me kika ji?"

"Ban so in faɗa ba, Lyle. Yaron nan a gabana ya girma."

"Na sani. Me kika ji?"

"Cewa ya yi, 'To ka mutu a cikin shagon nan in ka ga dama.' Ya bugo ƙofa ya ja motarsa. Daga nan ni kuma na koma gidan abinci, ban dawo ba sai da duhu ya yi."

Sufeto ya koma ciki ya durƙusa kusa da gawar. Hannayen Orval sun rine jawur har wuyan hannu, kuma akwai tsumma naɗe a yatsunsa na dama. A kan murhu ga wata tsohuwar tukunya da baƙin haɗi a ciki, mai ƙamshin gahawa da ƙaron itace. A tsakiyar shagon ga mariƙin katakon da Orval ke ɗaure ƙaho a kai in zai yi aiki, igiyar fatarsa a kwance tana lilo. Ƙasan wurin duk farar ƙura ce, irin wadda ke zuba in an kankare tsohon ƙaho, kuma an tattake ta.

"Kofur, me yake rinawa?"

"Ƙaho mana, Yallaɓai."

"Ina yake?"

Dunphy ya waiga dama ya waiga hagu. Ƙahoni sun fi a ƙirga a jikin bango, amma duk a bushe suke, ƙura ta hau kansu.

"Mutum ba ya naɗa tsumma a yatsa don ya shafa wa iska launi," in ji Sufeto. "Wani ya fita da abin da ke kan mariƙin nan. Kun duba motar Dewey?"

"Mun duba. Ba ƙaho a ciki."

Kafin azahar mai gabatar da ƙara ya bugo waya. Ya ce hula da shaidar maƙwabciya sun ishe shi, ranar Juma'a zai kai Dewey gaban alƙali da tuhumar kisa, daga nan a wuce da shi babban gidan yari ba beli. Fasto kuma ya riga ya sa jana'izar Orval ranar Asabar. Sufeto ya ajiye wayar ransa a ɓace. Aji ɗaya suka yi da Dewey, ya san shi da zafin kai da saurin baki, amma bai taɓa ganin ya ɗaga wa ko kare hannu ba.

Ya same shi a bayan kanta, zaune a bakin gado, ƙaton mutum ya haɗa kai da gwiwa.

"Dewey, yaushe rabonka da gidan Baba?"

"Tun makon jiya."

"Hularka kuma ita kaɗai ta je gaishe shi jiya?"

Dewey ya kau da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Kada ka yi mini ƙarya, ba ka iya ba. Tun muna yara in ka yi ta kunnuwanka ke tona ka."

"Na je," in ji Dewey da ƙyar. "Na je in roƙe shi ya rufe shagon ya dawo wurina kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Bara sau biyu yana faɗuwa a tsakar gida. Ya ce in fita masa daga haske. Ni kuma raina ya ɓaci, na yi jifa da hula, na faɗi abin da na faɗa."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Kai da kai ne za ka so duniya ta ji maganar ƙarshe da ka yi wa ubanka ke nan?"

Sufeto ya jawo kujera ya zauna.

"Da ka tafi, me yake yi?"

"Aikinsa. Wani ƙaton ƙaho aka kawo masa, rabon da in ga irinsa na manta. Reshe bakwai kowane gefe. Da farko fari ne tas, duk ya tsattsage."

"Daga bangon wa aka sauko da shi?"

"Wannan bai taɓa hawa bango ba. A daji ya kwana shekaru. Beguwa ta gaigaye reshe na uku na dama, Baba ya cike wurin da ƙullu ya gyara shi. Tsintuwa ce, bijimin da kansa ya mutu ko sanyi ya kashe shi."

"Na wa ne?"

"Na tambaya, ya ce mai shi ya roƙi kada a faɗa. Ka san Baba da riƙon amana. Ko baƙo ya shigo, buhu yake jefawa a kai."

"Ya gama aikin?"

"Ina! Baba ne fa. Ba ya taɓa fentin gwangwani. Cewa yake shi kansa bijimin ba fenti yake shafawa ba, itace yake goga wa ƙaho har ƙaro da ɓawo su kama. To shi ma haka yake yi. Ƙaro, ɓawo, diddigar gahawa, ya shafa da tsumma ya bari ya sha iska, gobe ya sake. Kuma sai ya gama gefe ɗaya tsaf yake taɓa ɗayan. Jiya dama ya kammala, hagu bai wuce gindi ba."

Sufeto ya miƙe. Dewey ya riƙo hannun rigarsa.

"Lyle, ni kaɗai ya haifa. In suka wuce da ni ranar Juma'a, wa zai tsaya masa ranar Asabar? Garin nan za su binne shi suna cewa ɗansa ne ya kashe shi."

"Ban yi maka alkawarin komai ba, Dewey. Amma ban rufe fayil ba."

Yinin ranar Sufeto ya bi duk masu sayen ƙaho na yankin, masu yin fitilar ado da ƙotar wuƙa da shi. Ba wanda aka kawo wa mai reshe bakwai. Ɗaya daga cikinsu ma dariya ya yi, ya ce ɓarawon da ya san abin da yake yi ba zai ɗauki ƙaho rabi ja rabi fari ba, alhali ga gyararru a bango.

Washegari da safe ya shiga gidan abincin Inna Verna. Teburin kusa da taga na tsofaffin mafarauta ne, ba a rubuta ba amma ba mai zama musu. Nan suke shan gahawa suna kashe dabbobin da ba su taɓa gani ba. A saman kantar ga ƙahon da ya ci gasar bara, da sunan mai shi a ƙasa. Haka al'adar take. Ƙarshen lokacin farauta kowa ya kawo nasa, Orval ya auna, wanda ya fi girma ya kwana shekara a bangon nan.

"Sufeto, zo ka zauna," in ji Arlo mahauci. "Muna nan muna tunanin wa zai auna mana bana. Allah ya jiƙan Orval, mutum ne da ko ƙaninsa ba zai ƙara wa rabin inci ba."

"Amin."

"Kuma ka ga ikon Allah, sai a shekarar da Saura-Kiris ya yi abin kirki. Ba ka ji ba? Kawunka ya kayar da bijimi."

Harlan Sather suke nufi. Aminin mahaifin Sufeto ne, kuma tun da gungume ya danne mahaifin a wurin saran katako, Harlan ya zama uban da Lyle ya sani. Shi ya koya masa riƙe bindiga, shi ya raka shi ranar da zai shiga aikin ɗan sanda. Sai dai kusan shekara arba'in yana hawa dutse, bai taɓa saukowa da babban bijimi ba. Kullum labarin ɗaya ne, ya gan shi, ya saita, saura kiris iska ta juya. Sunan ya bi shi har jikokin abokansa ba su san yana da wani ba. Harlan yakan yi dariya in an kira shi, kowa kuma ya ɗauka ba ya jin zafi.

Sufeto ya ji daɗi har cikin ransa. "Kai, madalla! Yaushe?"

"Ranar Asabar ya faɗa mana, a kujerar da kake zaune. Na ce masa, 'Harlan, bana ma saura kiris ɗin ne, ko ka bar wa iska ta huta?' Sai mutumin ya buga tebur ya ce bana ba kiris, yana garejinsa. Mun yi ta binsa mu gani yana ja mana rai. Yanzu dai ya ce mu zo gobe."

"Reshe nawa?"

"Bakwai-bakwai, in ji shi. In gaskiya ne, wallahi zan ci hulata."

Sufeto ya ajiye kofinsa a hankali. Ya gaya wa kansa ai bijimi mai reshe bakwai ba ɗaya ba ne a duwatsun nan.

"Kai ka yanka masa naman, Arlo?"

"Ni? Ko ƙashi ban gani ba. Wataƙila ya ga zan ƙara masa kuɗi ne don ya zama babban mutum."

Aka yi dariya. Inna Verna da ke zuba gahawa ba ta yi ba.

"Ni abin da ya ɗaure mini kai ke nan," in ji ta. "Harlan ko 'yar barewa ya samu, kafin ya cire takalmi ya kai wa uwarka cinya, ya kawo mini hanta, ya bi gidajen zawarawan coci ɗaya bayan ɗaya. Bana ya kayar da abin da zai cika firiza biyu, amma ko ƙamshi ba mu ji ba. Lyle, ku an kai muku?"

"Ba a kai ba."

"To ka gani."

A garin nan mutum na iya ɓoye rashin lafiyarsa, ya ɓoye rigimarsa da matarsa, amma ba a ɓoye naman farauta. Sufeto ya biya kuɗin gahawa, ya bi tsohuwar zuwa kanta, ya rage murya.

"Inna, Orval ya ji labarin bijimin nan?"

"Ni na kai masa, ranar Litinin da safe, tare da burodi. Na ɗauka zai yi murna, ai abokinsa ne."

"Me ya ce?"

"Ya dai tsaya yana kallona. Can ya ce, 'Shi Harlan ɗin ne ya faɗa da bakinsa?' Na ce e. Ko burodin bai taɓa ba."

Sufeto ya daɗe zaune a cikin mota bai tayar da ita ba. Ya so ya tura Dunphy. Ya so ya koma ofis ya ce ciwon kai ya kama shi. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da aka nuna shi da bindiga, domin ya riga ya san abin da zai tarar. Sai ya tuna Dewey a bakin gadon nan, ya murɗa makulli.

Gidan Harlan na ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare. Tun rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune. Ya fito daga gareji yana ɗingishi, da safar aiki a hannu, ya ja ƙofar ya rufe a bayansa.

"A'a, Lyle! Yau kai ne a gidan? Shigo ciki in ɗora ruwa."

"Kawu, barka da arziki na zo yi. A bakin Arlo zan ji labari?"

"Kai dai bari, yaro. So na yi in ba ku mamaki."

"A ina ka same shi?"

"Can saman kwazazzabo, bayan tsohuwar ma'adina. Harbi ɗaya."

"Kai kaɗai, da wannan gwiwar?"

"Gwiwar ta san ranar da za ta yi aiki."

"Mama na tambayar cinyarta."

Harlan ya kau da kai. "Kyarketai suka riga ni. Na sauko da ƙahon, kafin in koma washegari sun yi kaca-kaca da naman."

Sufeto ya ji kamar ya yi kuka. Wannan mutumin ne ya koya masa cewa nama ake fara saukowa da shi, ƙaho ya jira, don ba a miya da ƙaho. Ya taɓa hana shi bindiga shekara guda cur saboda ya bar ƙafar barewa ɗaya a daji.

"Ka kai shi wurin Orval?"

"Me zai kai sabon ƙaho wurin Orval? Rabona da shagonsa tun bazara."

"To mu gani."

"Gobe, tare da sauran."

"Kawu, ba roƙo nake yi ba. Ka buɗe, ko in je in karɓo takardar alƙali in dawo da Dunphy. Na fi so ka buɗe."

Harlan ya dube shi tsawon lokaci, sannan ya tura ƙofar.

Ƙahon na kan tebur, ya kusa taɓa rufi. Ko a wannan hali sai da Sufeto ya yi mamakin girmansa. Ya kunna tocila ya fara da gefen dama. Launin ya zauna kamar da shi aka haifi dabbar, duhu a gindi inda ƙurajen ƙahon suke, yana washewa sannu a hankali har ya kai tsinin da aka goge suka yi fari. Ya kai hanci ya ji ƙaro da gahawa. Ya sa farce a reshe na uku ya danna, farcen ya shiga kaɗan, abin da ƙahon gaske ba zai bari ba.

Ya zagaya hagu. Daga gindi zuwa kamar tsawon tafin hannu aikin ɗaya ne da na dama. Daga nan sama kuwa wani hannu ne dabam. Launin ja ne mai ƙyalli, yana warin kananzir, kuma ya tsiyaye cikin tsagogin da rana ta yi, ya fito da su baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Busasshen ƙaho shan ruwa yake kamar soso, duk abin da aka kwara masa da gaggawa sai ya nuna. A ƙarƙashin tebur ga gwangwanin fentin katako a buɗe, da buroshi a ciki.

"Mutum biyu ne suka rina ƙahon nan," in ji Sufeto. "Ɗaya yana ɗakin ajiye gawa. Kawu, cire safar."

Harlan ya cire. Yatsunsa sun rine har ƙarƙashin farce. Ya lalubi wani akwati ya zauna.

Sufeto ya karanta masa haƙƙinsa kamar yadda doka ta ce. Harlan ya ɗaga hannu.

"Bar shi, yaro, na san su. Zan faɗa."

"Ina jin ka."

"Ƙarshen bazara na tsince shi, a gindin wani itace da ya faɗi. Na zauna kusa da shi na yi ta kallo. Duk shekarun nan shi nake nema, sai na same shi ya mutu ba da hannuna ba. Na kai wa Orval, na ce ya gyara mini in kafa a ɗakina, kada ya gaya wa kowa don kada a yi mini dariya. Wallahi niyyata ke nan."

"Sai me?"

"Sai ranar Asabar Arlo ya buɗe baki. Lyle, ka san shekara nawa ina yin dariyar nan tare da su? Matata ta mutu tana jin yara na kirana da sunan nan a titi. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Da na ga yadda suka yi tsit suna kallona, na ji wani daɗin da ban taɓa ji ba. Na kasa janyewa."

"Ranar Litinin fa?"

"Na bi ta hanyar baya da yamma, na ga motar Dewey ta fita. Na roƙi Orval ya rufa mini asiri, shekara ɗaya tak. Ya ce, 'Harlan, launi nake maidowa, ba na ƙera ƙarya. Ka je ka gaya musu da bakinka, ko ranar awo in faɗa da nawa.' Na ce to ba ni kayana. Ya ce ba ya sakin aiki rabi. Na kwance igiyar, ya riƙe gefe ɗaya, na riƙe ɗaya. Tsofaffi biyu muna ja kamar yara. Sai na cafki rigarsa na ture shi."

"Da ka fita, yana numfashi?"

Harlan ya sunkuyar da kai.

"Kawu, yana numfashi?"

"Yana yi."

"Akwai waya a jikin bangon shagon. Ba ka kira kowa ba."

"Na ce zai tashi. Na ce in na kira za a tambaye ni me ya kawo ni."

"Ka san Dewey na tsare tun jiya?"

"Na ji."

"Ka ji. Kuma ka shigo nan ka zauna kana shafa fenti."

Hawaye na bin gemun Harlan. Sufeto ya nemi tausayin da ya shigo da shi ya rasa, sai baƙin ciki mai nauyi, da kunya kamar shi ya yi laifin. Ya kira Dunphy a oba-oba ya ce ya zo da a-kori-kura ya ɗauki ƙaho da gwangwani, ya kuma sanar da mai gabatar da ƙara cewa a saki Dewey Tidball. Sannan ya ciro ankwa.

"Sai ka sa?" in ji Harlan.

"Sai na sa."

Ya sa masa ta gaba, bai matse ba. Harlan ya roƙi ya ɗora masa rigar sanyi a kan hannayen, saboda maƙwabta. Sufeto ya yi masa wannan.

Sun isa ofis daidai lokacin da ake miƙa wa Dewey bel ɗinsa da makullan motarsa a kan kanta. Ba wanda ya gaya masa dalili, an dai ce ya tafi. Yana juyowa ya ga tsohon a bakin ƙofa, fuskarsa ta washe.

"Kawu Harlan! Ashe kai ne ka zo ka tsaya mini? Na san a garin nan ba zan rasa mutum ɗaya ba. Allah ya saka maka, Kawu."

Ya taho da sauri ya kamo hannayen da nasa biyu. Rigar ta zame ta faɗi ƙasa.

Dewey ya tsaya yana kallon ankwar. Ya dubi Sufeto, ya sake duban tsohon. A hankali ya saki hannayen.

"Dewey, ka yafe..." in ji Harlan, sauran maganar ta maƙale.

Dewey ya ja baya har ya jingina da kanta.

"Je ka gida," in ji Sufeto. "Fasto na jiranka, akwai abubuwan da sai kai za ka yanke. Ranar Asabar kai ne a gaba."

Ya sunkuya ya ɗauki rigar ya kakkaɓe, ya riƙe Harlan a gwiwar hannu saboda ɗingishin, ya bi da shi ta lungun zuwa ɗakin da Dewey ya fito. Ba a ma kai ga naɗe bargon da Dewey ya kwana da shi ba.